Saka Jari a Kamfanonin Ƙera Na'urorin Sadarwa a Lokacin Gasar Karya Farashi

1.0 GABATARWA

Sanin kowa ne cewa a cikin shekaru 30 da suka shige, da wuya a sami wata harka da ta bunƙasa a duniya kamar harkar sadarwa ta intanet. Wannan bunƙasa ta sa mutane da dama suna ɗauka cewa duk wanda ya sayi hannun jari a kamfanin da ke ƙera na'urorin da intanet ke gudana a kansu, to kakarsa ta yanke saƙa. Hujjarsu kuwa mai sauƙin fahimta ce: tun da yake kullum masu amfani da intanet ƙaruwa suke yi, dole ne cinikin na'urorin ya ƙaru, idan kuwa ciniki ya ƙaru, ai riba ma ta ƙaru ke nan. A da wannan batu bai shafi malamin makaranta ko ma'aikacin gwamnati a Nijeriya ba, domin kasuwannin hannun jari na Amurka da Turai sun yi masa nisa. Yanzu kuwa akwai dillalan da ke ba mutum damar sayen irin waɗannan hannayen jari ta wayar da ke hannunsa, ta yadda 'yar ajiyar da ya yi shekara 10 yana tarawa za ta iya tsallaka teku cikin 'yan mintoci.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne mu nuna cewa waccan hujja tana da giɓi. A kasuwar da ake gasar karya farashi, ciniki yana iya haɓaka alhali riba tana ƙanƙancewa, domin amfanin arahar yakan tafi ne aljihun mai sayen kaya. Tambayoyi biyu ke gaban mai saka jari: wace garkuwa kamfani yake da ita da za ta kare ribarsa idan abokan hamayya suka karya farashi, kuma nawa shi kansa ya biya kafin ya mallaki rabo a cikin wannan riba? Za mu fara da bayanin kayan da ake magana a kansu, sa'an nan mu duba dalilan karyewar farashinsu, mu kawo ɗan lissafi, mu bi tarihin wasu kamfanoni, daga ƙarshe mu tsamo abubuwan da suka kamata a lura da su.

2.0 KAYAN DA AKE MAGANA A KANSU

Idan muka ce na'urorin sadarwa, muna nufin kayan da ke ɗaukar saƙo daga wata kwamfuta ko waya su kai shi ga wata. Za mu iya kasa su kashi huɗu. Na farko shi ne suwici, watau na'urar da ke haɗa kwamfutocin gida ɗaya ko ma'aikata ɗaya, tana rarraba musu saƙo. Na biyu shi ne rauta, wadda ke zaɓar hanyar da saƙo zai bi daga wannan ma'aikata zuwa waccan, ko daga wannan ƙasa zuwa waccan. Na uku su ne na'urorin da ke tura saƙo da haske ta cikin zaren gilashi a ƙarƙashin ƙasa ko teku. Na huɗu su ne na'urorin rediyo da ake ɗorawa a kan dogayen turakun kamfanonin wayar hannu.

Masu sayen waɗannan kaya su ma iri uku ne. Akwai ma'aikatu, kamar bankuna da jami'o'i da ofisoshin gwamnati. Akwai kamfanonin waya, kamar AT&T a Amurka da BT a Ingila. Akwai kuma manyan kamfanonin da ke da cibiyoyin adana bayanai, kamar Microsoft da Amazon da Google da Meta. Wannan rabe-rabe yana da muhimmanci, domin kamar yadda za mu gani a gaba, ƙarfin mai sayarwa wajen tsayar da farashi ya danganta ne da irin mai sayen da ke gabansa.

3.0 DALILAN KARYEWAR FARASHI

3.1 Saurin ci gaban fasaha

A shekarar 1965 Gordon Moore ya lura cewa yawan ƙananan sassan da ake iya cusawa a cikin ƙwayar silikon guda ɗaya yana ninkawa a kai a kai, ba tare da kuɗin ƙera ta ya ninka ba. Ana ganin tasirin wannan a fili a tsarin haɗa kwamfutoci da ake kira Ethernet, wanda Robert Metcalfe da abokan aikinsa suka ƙago a 1973. Saurinsa a shekarun 1980 megabit 10 ne a daƙiƙa. A 1995 ya kai megabit 100, a 1998 ya kai gigabit 1, watau megabit 1,000, a 2002 gigabit 10, a 2010 gigabit 100, a 2017 kuma gigabit 400. Duk lokacin da sabon sauri ya fito, darajar na bayansa sai ta zube. Ke nan na'urar da ta kwana a sito ba kamar buhun gero ba ce da ake ajiyewa a jira tsada. Kowane wata da ta ƙara, kuɗinta raguwa yake yi.

3.2 Ƙa'ida ɗaya ga kowa

Amfanin na'urar sadarwa shi ne ta iya magana da 'yar'uwarta, ko da kuwa ba kamfani ɗaya ya ƙera su ba. Saboda haka aka yi ittifaƙi a kan ƙa'idoji na bai ɗaya waɗanda kowa ke iya karantawa ya bi. Wannan alheri ne ga mai saye, domin idan wancan ya tsawwala masa sai ya koma wurin wannan. Ga mai ƙira kuwa, ƙofa ce a buɗe ga duk baƙon da ya zo da kaya irin nasa a farashi mai rahusa.

Daɗin daɗawa, a da kowane babban kamfani shi ke zana ƙwayar silikon da ke cikin na'urarsa, aikin da ke cin kuɗi masu yawa, wanda kuma ya zama katanga ga ƙananan kamfanoni. Daga baya kamfanoni irin su Broadcom suka shiga ƙera wannan ƙwaya suna sayar wa duk mai so. Da haka katangar ta gajarta, har aka sami masana'antu a Taiwan da ke harhaɗa suwici maras tambari, mai saye ya ɗora masa manhajar da ya ga dama.

3.3 Yanayin kashe kuɗin kamfanonin

Mafi yawan ɗawainiyar irin wannan kamfani tana tafiya ne wajen bincike da zane da rubuta manhaja, kuma wannan kuɗi sai an kashe shi ko an sayar da na'ura 10 ko an sayar da miliyan. Da zarar an gama zane, ƙera ƙarin na'ura guda ba ya cin kuɗi sosai. Wannan ya sa idan kasuwa ta yi sanyi, kowane kamfani yakan ga gara ya yi rangwame mai yawa da ya rasa ciniki ɗungum. Matsalar ita ce abokin hamayyarsa ma haka yake tunani, sai a wayi gari kowa ya sauke farashi, ba wanda ya ƙaru da ko mai saye ɗaya.

3.4 Ƙarancin manyan masu saye

Kamfanin da ke sayar wa dubban ƙananan ma'aikatu yana iya tsayawa a kan farashinsa, domin ba wata ɗaya daga cikinsu da za ta girgiza shi idan ta tafi. Wanda kuwa rabin cinikinsa ke hannun masu saye 3 ko 4, su ne za su yanka masa farashi. Wasu daga cikin manyan ma sun fara zana nasu kayan: Facebook ya kafa shirin Open Compute Project a 2011, kuma a 2014 ya bayyana suwicin da ya zana da kansa mai suna Wedge. Mai sayen da ya iya ƙera abin da kake sayar masa ba ya zuwa ciniki da ladabi.

4.0 ƊAN LISSAFI

Kafin mu shiga tarihi, ya kamata mu bambanta kalmomi uku. Kuɗin ciniki shi ne dukkan abin da kamfani ya karɓa daga masu saye. Ribar kaya ita ce abin da ya rage bayan an fitar da kuɗin ƙera kayan da aka sayar. Tsantsar riba kuwa ita ce abin da ya rage bayan an ƙara fitar da kuɗin bincike da albashi da talla da sauransu. Daga tsantsar riba ne mai hannun jari yake da rabo.

Bari mu ƙaddara kamfanoni biyu don misali kawai. Na farko yana sayar da na'ura a kan dala 100, kuɗin ƙera ta dala 40, ribar kaya ke nan dala 60. Sauran ɗawainiya ta cinye dala 35, tsantsar riba ta zama dala 25. Idan gasa ta tilasta masa ya rage kashi 10 bisa ɗari, farashi ya koma dala 90, amma kuɗin ƙira da na ɗawainiya suna nan yadda suke, sai tsantsar riba ta koma dala 15. Watau ragin kashi 10 a farashi ya haifar da ragin kashi 40 a riba. Kafin ya mayar da ribarsa yadda take, sai ya ƙara yawan na'urorin da yake sayarwa da kashi 20.

Na biyu shi ma yana sayarwa a kan dala 100, amma kuɗin ƙirarsa dala 65 ne, ɗawainiya dala 30, tsantsar riba dala 5. Ragin kashi 10 ɗin nan zai mayar da ribar dala 5 ta zama faɗuwar dala 5, kuma sai ya ƙara yawan kaya da kashi 40 kafin ya dawo inda yake. Abin lura a nan shi ne, dukkan kamfanonin biyu suna iya fitowa su yi shelar cewa sun sayar da na'urori fiye da bara, kuma gaskiya suka faɗa, alhali mai hannun jari ya yi asara. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

5.0 DARUSSA DAGA TARIHI

5.1 Cisco: kamfani mai ƙarfi, hannun jari mai tsada

Leonard Bosack da Sandy Lerner, ma'aikata a Jami'ar Stanford ta Amurka, su ne suka kafa Cisco a 1984, aka kuma fara sayar da hannun jarinsa a kasuwa a 1990. A watan Maris na 2000 farashin hannun jarin ya kai kimanin dala 80, jimlar darajar kamfanin ta haura dala biliyan 500, ya zama kamfani mafi daraja a duniya na ɗan lokaci. Amma tsantsar ribarsa a shekarar lissafi ta 2000 kimanin dala biliyan 2.7 ce, daga cinikin dala biliyan 18.9. Ke nan wanda ya saya a lokacin ya biya kusan ninki 200 na ribar shekara guda.

Da kasuwa ta juya a 2001, kayan da kamfanin ya tara suka yi kwantai, har ya soke kaya na sama da dala biliyan 2 daga littafinsa, ya kuma sanar da sallamar ma'aikata 8,500. A watan Oktoba na 2002 hannun jarin ya faɗo ƙasa da dala 10. Shi kamfanin bai mutu ba. Ya ci gaba da riƙe ribar kaya ta kusan kashi 60 zuwa 65 bisa ɗari, ya fara biyan masu hannun jari rabon riba a 2011, kuma a shekarar lissafi ta 2023 cinikinsa ya kai dala biliyan 57, tsantsar ribarsa dala biliyan 12.6, fiye da ninki 4 na ta shekarar 2000. Duk da haka, wanda ya saya a watan Maris na 2000 ya shafe fiye da shekara 20 hannun jarin bai koma farashin da ya biya ba.

Me ya kare ribar Cisco? Dubban injiniyoyi a duniya sun koyi aiki ne da manhajarsa, sun kuma karɓi takardun shaidarsa, kuma ma'aikatar da ta shimfiɗa aikinta a kan kayansa tana tsoron tsaikon da canji zai jawo fiye da yadda take kwaɗayin rangwame. Amma ko wannan garkuwa ta sha sara. Bayan Cisco ya shiga sayar da manyan kwamfutoci a 2009, kamfanin HP ya sayi 3Com a kan dala biliyan 2.7 a 2010, ya shiga yi masa gasa da araha. A watan Fabrairu na 2011, da rahoto ya nuna ribar kayan Cisco ta ragu da 'yan kashi kaɗan, hannun jarinsa ya faɗi da kimanin kashi 14 a rana ɗaya. Wannan ya nuna yadda kasuwa ke sa ido a kan ribar kaya.

5.2 Nortel da Lucent: ciniki da bashi

Dokar sadarwa da Amurka ta kafa a 1996 ta buɗe ƙofa ga sababbin kamfanonin waya masu yawa, waɗanda mafi yawansu ba su da uwar kuɗin kirki. Don su sami ciniki, masu ƙera na'urori irin su Lucent na Amurka da Nortel na Kanada suka riƙa ba waɗannan kamfanoni rancen kuɗin da za su sayi kayan da shi. Wannan ma wani salon karya farashi ne, sai dai a ɓoye yake, domin a littafi farashin bai sauka ba. Da kamfanonin wayar suka fara karyewa, ciki har da manya irin su Global Crossing da WorldCom a 2002, ciniki da bashi suka tafi tare.

A tsakiyar shekarar 2000 hannun jarin Nortel ya haura dalar Kanada 120, kuma shi kaɗai ya kai kusan sulusin darajar ma'aunin babbar kasuwar hannun jari ta Toronto. A watan Janairu na 2009 ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi. A 2011 aka sayar da takardun mallakar fasaharsa a kan dala biliyan 4.5, amma kuɗin masu bin bashi suka tafi wa, masu hannun jari suka tashi a tutar babu. Hannun jarin Lucent kuwa ya faɗo ƙasa da dala 1 a 2002. Ya haɗe da Alcatel na Faransa a 2006, daga baya Nokia na Finlan ya saye su duka a 2016.

5.3 Marconi da zuwan Huawei

Ren Zhengfei ya kafa Huawei a birnin Shenzhen na ƙasar Sin a 1987. Kamfanin ya fara da ƙauyukan Sin, ya ratsa kasuwannin Afirka da Asiya, sa'an nan ya doshi Turai da kaya masu rahusa. A watan Afrilu na 2005 kamfanin BT ya bayyana kamfanoni 8 da za su ba shi kayan sabunta layukansa. Huawei yana ciki, amma Marconi, kamfanin Ingila wanda BT ne babban mai sayen kayansa, ba ya ciki. A ranar hannun jarin Marconi ya faɗi da kusan kashi 40, kuma kafin ƙarshen shekarar aka sanar cewa Ericsson na Suwidin zai sayi mafi yawan kamfanin a kan fam biliyan 1.2.

Idan muka lissafa manyan masu ƙera kayan kamfanonin waya na Turai da Arewacin Amurka a wajejen 2000, za mu sami Lucent da Alcatel da Siemens da Nokia da Ericsson da Motorola da Nortel da Marconi. Bayan shekara 16, wannan sana'a tasu ta tattare a hannun biyu kacal, Nokia da Ericsson, alhali a tsakanin waɗannan shekaru masu wayar hannu a duniya sun ninka sau da yawa. Wani abin lura kuma shi ne, Huawei, wanda ya fi kowa cin gajiyar gasar, ba a sayar da hannun jarinsa a kasuwa. Mai saka jari na waje ba shi da hanyar bin wanda ya yi nasara. Waɗanda ke shan bugu kaɗai ke gabansa.

5.4 Arista: baƙon da ya ci gajiyar araha

Kada a ɗauka cewa duk labarin na asara ne. An kafa Arista a 2004, kuma Jayshree Ullal, tsohuwar babbar jami'a a Cisco, ta karɓi shugabancinsa a 2008. Maimakon ya zana tasa ƙwayar silikon, sai ya riƙa sayen ta kasuwa, ya mayar da ƙarfinsa kan manhaja guda ɗaya da ke tafiyar da dukkan na'urorinsa. Watau abin da ya rushe katangar wasu shi ne ya zame masa tsani. An fara sayar da hannun jarinsa a watan Yuni na 2014 a kan dala 43. Cisco ya kai shi ƙara a ƙarshen wannan shekara, aka sasanta a 2018 bayan Arista ya yarda ya biya dala miliyan 400. Zuwa ƙarshen 2024, idan aka yi la'akari da rarraba hannun jarin da aka yi sau biyu, darajarsa ta ninka fiye da sau 30, cinikinsa na shekarar ya kai dala biliyan 7, ribar kayansa kuma ta haura kashi 60.

Amma shi ma yana da nasa rauni, watau dogaro da masu saye ƙalilan. A 2022 Meta da Microsoft su biyu kaɗai sun ɗauki fiye da kashi 40 na cinikinsa. A ƙarshen watan Oktoba na 2019, da ya sanar cewa ɗaya daga cikin manyan masu sayen kayansa ya rage oda, kashegari hannun jarin ya zubar da kusan rubu'in darajarsa.

6.0 HANNUN HUKUMA

Ban da gasar 'yan kasuwa, gwamnatoci ma suna da hannu a wannan harka, domin suna ɗaukar kayan sadarwa a matsayin al'amarin tsaro. A watan Afrilu na 2018 Amurka ta hana kamfanoninta sayar wa ZTE na Sin kayan haɗi, aka dakatar da cinikin hannun jarinsa kusan wata 2, da aka buɗe kuma a watan Yuni ya faɗi da kimanin kashi 40 a kasuwar Hong Kong a ranar farko. A watan Mayu na 2019 Amurka ta sanya wa Huawei takunkumi, a watan Yuli na 2020 kuma Birtaniya ta ba da umarnin a cire kayansa daga layukan 5G kafin ƙarshen 2027.

Mai karatu zai zaci cewa korar babban mai karya farashi za ta sa sauran su huta. Abin da ya faru ya nuna akasin haka. A watan Oktoba na 2023 Nokia ya sanar da shirin rage ma'aikata har 14,000 saboda sanyin kasuwa, a watan Disamba kuma AT&T ya ba Ericsson kwangilar da za ta iya kai dala biliyan 14, abin da ya rage wa Nokia babban ciniki a Amurka. Ko da masu sayarwa biyu suka rage, muddin mai saye babba ne, zai iya haɗa su takara.

7.0 ABUBUWAN DA MAI SAKA JARI ZAI DUBA

Daga abin da ya gabata za mu iya tsamo ma'aunai shida.

(a) Ribar kaya ta shekaru 5 ko fiye. Idan ciniki yana hawa amma kason ribar kaya yana sauka a hankali, alama ce kamfanin yana sayen ciniki ne da rangwame.

(b) Yawan masu saye. Dokar Amurka ta wajabta wa kamfani ya bayyana a rahotonsa na shekara idan mai saye ɗaya ya kai kashi 10 na cinikinsa. Wannan layi ɗaya ya cancanci a neme shi kafin a karanta jawabin shugaban kamfani.

(c) Kayan sito da bashin da kamfani ke bin masu saye. Idan ɗayansu yana girma fiye da yadda ciniki ke girma, to a tuna da Cisco a 2001 da Lucent.

(d) Abin da ke riƙe mai saye. Ƙarfe da waya kowa na iya kwaikwaya. Manhaja da ƙwarewar ma'aikata da kwangilar kula da kaya ta shekara-shekara su ne ke da wuyar canzawa. Wannan ne ya sa Cisco ya sayi kamfanin manhaja na Splunk a kan dala biliyan 28 a 2024.

(e) Ninkin riba, watau farashin hannun jari a raba da ribar da ta faɗa wa kowane hannun jari a shekara. Idan ninkin ya yi yawa, an riga an biya kuɗin nasarar shekaru masu zuwa tun kafin ta zo, kuma ɗan tuntuɓe kaɗan ya isa ya jawo asara mai yawa.

(f) Wanda araha ke amfana. Wani lokaci ribar gasar tana komawa ne ga mai ƙera ƙwayar silikon, ko ga kamfanin wayar da ke sayen kayan. A Nijeriya ɓangaren masu saye ne ya fi kusa da mu, domin MTN Nigeria da Airtel Africa sun shiga kasuwar hannun jari ta Legas a 2019, ko da yake su ma suna da tasu gasar da nasu matsalolin.

Ga mai saka jari daga Nijeriya akwai ƙarin abu guda, shi ne canjin kuɗi. Kafin watan Yuni na 2023 dala tana kimanin naira 460 a farashin hukuma, amma a watan Fabrairu na 2024 ta haura naira 1,500. Wanda ya riƙe hannun jari na dala a wannan tsakani zai ga kuɗinsa sun ninka a naira ko da kamfanin bai taɓuka komai ba. Bai kamata ya ɗauki wannan a matsayin shaidar ƙwarewarsa wajen zaɓen kamfani ba, domin idan naira ta farfaɗo lissafin juyawa zai yi. A auna kamfani da kuɗin da yake ciniki da su.

8.0 KAMMALAWA

A wannan maƙala mun yi ƙoƙarin nuna cewa karyewar farashi ɗabi'a ce ta sana'ar ƙera na'urorin sadarwa, wadda ta samo asali daga saurin fasaha da ƙa'idoji na bai ɗaya da yanayin kashe kuɗi da kuma ƙarfin manyan masu saye. Mun ga yadda Nortel da Marconi suka ɓace a lokacin da sadarwa ke bunƙasa, da yadda Cisco ya tsira amma wanda ya saye shi da tsada ya daɗe yana jira, da kuma yadda Arista ya mayar da araha makaminsa. Tun daga 2023 manyan kamfanoni suna zuba kuɗi masu yawa wajen gina cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira, kuma hakan ya sake ta da cinikin suwici da zaren gilashi. Bukatar ta gaske ce, kamar yadda bukatar intanet ta kasance ta gaske a 1999. Sai dai masu sayen na yanzu ƙalilan ne, masu ƙarfi ne, kuma sun iya zana nasu kayan. Saboda haka shawararmu ga mai 'yar ajiya ita ce, kafin ya saya ya buɗe rahoton kamfani ya duba ma'aunan nan shida, kada kuma ya sa kuɗin da zai bukata nan da shekara 2 ko 3 a irin wannan kasuwa, domin ganin hadari ba ya sa a zubar da ruwan tulu.